Batun Somaliland: shirun Tarayyar Afirka ne ya buɗe wa baƙi ƙofa

A ranar 26 ga Disamba 2025 Isra'ila ta sanar da cewa ta amince da Somaliland a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, kuma ita ce ta farko cikin ƙasashen da ke da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya da ta yi hakan tun bayan da yankin ya ayyana rabuwarsa da Somaliya a 1991. Nan take Allah wadai ya fara kwarara daga Mogadishu da Alƙahira da Ankara da Jibuti, Tarayyar Afirka ta sake nanata cewa Somaliya ƙasa ɗaya ce da ba a rabawa, Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa da ta Ƙasashen Musulmi suka bi sahu, yayin da a Hargeisa, babban birnin Somaliland, jama'a suka cika tituna suna murna. Mafi yawan waɗanda suka ji labarin a ƙasar Hausa sunan Isra'ila kaɗai ya ishe su yanke hukunci, kuma idan aka dubi abin da ya faru a Gaza ban ga laifinsu ba. Sai dai maganar Somaliland ta girmi wannan sanarwa da shekaru fiye da talatin, kuma a ganina babban mai laifi a yadda ta kai ga wannan matsayi ita ce Tarayyar Afirka, wadda aka kawo wa ƙara tun 2005 amma har yau ba ta zauna ta saurari ɓangarorin ba, balle ta yanke hukunci.

Da yawa suna ɗaukar Somaliland tamkar wata jiha ce da ta yi tawaye, alhali tarihinta ya sha bamban da haka. Ingila ce ta mulki wannan yanki na arewa tun daga shekarun 1880, Italiya kuma ta mulki kudu, kowanne da dokokinsa da harshen aikin gwamnatinsa da tsarin makarantunsa. Iyakokin arewar an shata su ne ta yarjejeniyoyin da Ingila ta ƙulla da Faransa a 1888, da Italiya a 1894, da Habasha a 1897. A ranar 26 ga Yuni 1960 Ingila ta ba yankin 'yancin kai, ya zama ƙasa mai firaministanta, Muhammad Haji Ibrahim Egal. Kwana biyar bayan haka, ranar 1 ga Yuli, kudu ma ta samu nata 'yancin, sai ƙasashen biyu suka haɗe suka zama Jamhuriyar Somaliya. Babu wanda ya tilasta wa 'yan arewa shiga wannan haɗaka. Su ne ma suka fi ɗoki, domin a lokacin burin kowane Basomale shi ne a tattara al'ummar a ƙarƙashin tuta ɗaya, wanda shi ya sa tauraron da ke tutar Somaliya yake da tsini biyar, ɗaya na arewa, ɗaya na kudu, ɗaya na Jibuti, ɗaya na yankin Ogaden da ke Habasha, ɗaya kuma na arewa maso gabashin Kenya.

Wannan buri bai cika ba. Jibuti ta samu 'yanci a 1977 ta zaɓi zama ita kaɗai, yaƙin Ogaden na 1977 zuwa 1978 ya ƙare da shan kayen Somaliya, Kenya kuma ta riƙe nata yankin. Ita kanta haɗakar ta arewa da kudu an ƙulla ta ne cikin gaggawa, har takardar da majalisar arewa ta amince da ita ba ita ce wadda aka amince da ita a kudu ba, sai a farkon 1961 aka zartar da wata doka aka mayar da aikinta baya domin toshe giɓin. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki a watan Yunin 1961, babbar jam'iyyar arewa ta yi kiran a ƙaurace, kuma mafi yawan waɗanda suka jefa ƙuri'a a manyan garuruwan yankin sun ƙi amincewa. Kafin shekarar ta ƙare wasu ƙananan hafsoshin soja 'yan arewa suka yi yunƙurin juyin mulki domin maido da ƙasarsu. Tun daga fari ke nan akwai tsatsa a jikin ginin, tun kafin Siad Barre ya ƙwace mulki a 1969.

Abin da ya kashe haɗakar murus shi ne 1988. Bayan da mayaƙan ƙungiyar 'yan tawayen arewa ta SNM, wadda aka kafa a Landan a 1981, suka kutsa Burao da Hargeisa, gwamnatin Barre ta mayar da martani a kan farar hula, musamman 'yan ƙabilar Isaaq. Jiragen yaƙi suna tashi daga filin jirgin saman Hargeisa su yi ruwan bama-bamai a kan birnin da suka tashi daga cikinsa, sannan su bi ayarin masu gudu zuwa iyakar Habasha. Dubun-dubatar mutane suka mutu, dubban ɗaruruwa suka ƙare a sansanonin gudun hijira, mafi yawan gine-ginen Hargeisa suka zama kufai, kuma har yau idan ruwan sama ya zaizaye ƙasa a bayan gari akan ga ƙasusuwan waɗanda aka binne a ramuka. A tsakiyar birnin an ɗora wani jirgin yaƙi samfurin MiG a kan dakali domin tunawa da wannan lokaci. Duk wanda yake son fahimtar dalilin da ya sa ɗan Hargeisa yake jin sunan Mogadishu kamar sunan wata ƙasar waje, to ya tuna cewa jirgin nan na gwamnatinsu ne, kuma harajinsu na cikin abin da ya saye shi.

Bayan faɗuwar Barre, taron da aka yi a Burao ya ayyana ranar 18 ga Mayu 1991 cewa Somaliland ta janye daga haɗakar ta koma kan iyakokinta na 1960. Shekarun farko ba su yi daɗi ba, domin mayaƙan da suka kori Barre sun juya bindigoginsu a kan juna saboda tashar jiragen ruwa ta Berbera da kuɗin da take kawowa. Abin da ya ceci yankin shi ne taron Borama na 1993, inda dattawan ƙabilu suka zauna daga Janairu har zuwa Mayu, a garin 'yan ƙabilar Gadabuursi waɗanda da yawansu ba su mara wa SNM baya ba a lokacin yaƙi. Ba wata ƙasar waje ce ta kira taron ba, ba a otal ɗin Nairobi ko Addis Ababa aka yi shi ba, kuma mutanen gari da 'yan kasuwa da 'yan ƙasar da ke zaune a ƙetare su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin ciyar da mahalarta. Saboda babu mai biyan kuɗin zama, babu kuma wanda ya sa musu wa'adi, sai suka yi ta magana har aka gaji da musu aka cimma matsaya: aka yafe wa juna jinin da aka zubar, aka tsara yadda za a karɓe makamai, aka kafa majalisu biyu, ɗaya ta wakilai ɗaya kuma ta dattawa da suke kira Guurti, aka miƙa mulki daga hannun mayaƙa zuwa farar hula ƙarƙashin Egal. A daidai wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya tana da dubban sojoji a Mogadishu tana kashe maƙudan daloli, har sojojin Nijeriya bakwai suka rasa rayukansu a can cikin watan Satumba, kuma a ƙarshe aka tattara aka fice a 1995 ba tare da an kafa gwamnati ba.

Akwai wani abu a nan da ya kamata mu 'yan Afirka ta Yamma mu tsaya a kansa. Tun da babu wanda ya amince da gwamnatin Hargeisa, babu bashin Bankin Duniya ko na Asusun Ba da Lamuni, babu tallafin kasafin kuɗi, babu kuma rijiyar mai. Egal ya rasa inda zai samu kuɗin sallamar mayaƙa da buga sabon kuɗin ƙasar a 1994 sai wurin manyan 'yan kasuwa, abin da gwamnati take samu kuma ya dogara ne kan kuɗin fito a Berbera da harajin dabbobin da ake lodawa zuwa Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, musamman tumaki da awakin lokacin aikin Hajji. Gwamnatin da ke cin abinci daga aljihun mutanenta dole ta saurare su, domin idan ƙabilar da tashar ruwa take a ƙasarta ta yi fushi, albashin soja ne zai tsaya. Ba na cewa talauci alheri ne, kuma wannan tsari ya bar ƙasar a hannun 'yan kasuwa ƙalilan da suka mamaye harkar sadarwa da aika kuɗi da shigo da kaya, waɗanda gwamnati ba ta iya ɗaga musu murya. Amma shi ne ya haifar da gwamnatin da ta san cewa zamanta ya rataya ne kan yardar na ƙasa da ita.

Daga nan aka shiga siyasar ƙuri'a. A ranar 31 ga Mayu 2001 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulkin da ya tabbatar da 'yancin kai, kimanin kashi 97 cikin ɗari suka amince. Da Egal ya rasu a wani asibiti a Afirka ta Kudu a 2002, mataimakinsa Dahir Riyale Kahin, wanda ba ɗan ƙabilar Isaaq mai rinjaye ba ne, ya karɓi rantsuwa ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Zaɓen shugaban ƙasa na 2003 shi ne gwajin da ya fi kowanne tsanani, domin cikin ƙuri'u kusan rabin miliyan hukumar zaɓe ta ce Riyale ya ɗara Ahmed Silanyo da ƙuri'a 80 kacal. Silanyo tsohon shugaban SNM ne, magoya bayansa sun san bindiga, kuma da yawansu sun so ya ƙi amincewa. Ya kai ƙara kotun ƙoli, kotu ta tabbatar da nasarar abokin hamayyarsa, dattawa suka shiga tsakani, ya haƙura. Ya jira har 2010 ya kayar da Riyale yana kan kujera, Riyale kuma ya miƙa mulki. A 2021 jam'iyyun adawa suka ƙwace rinjaye a majalisar wakilai, a watan Nuwamban 2024 kuma Abdirahman Mohamed Abdullahi, wanda aka fi sani da Irro, ya kayar da shugaba mai ci Muse Bihi Abdi da tazara mai faɗi. Ƙasashe nawa ne a yankin ƙahon Afirka za su iya nuna shugaba mai ci guda ɗaya da ya faɗi zaɓe ya tattara kayansa? Habasha ba ta da shi, Iritiriya ba ta taɓa yin zaɓen shugaban ƙasa ba tun samun 'yancinta, Jibuti kuma mutum ɗaya ke mulkinta tun 1999.

Masu tallata Somaliland a Washington da Landan sukan tsaya a nan, amma labarin bai ƙare ba. Kusan babu zaɓen da aka yi a kan lokacinsa: na 2008 sai 2010, na 2015 sai 2017, na 2022 sai 2024, kuma jinkirin na ƙarshe ya jawo zanga-zanga a watan Agustan 2022 inda jami'an tsaro suka kashe mutane. Majalisar wakilan da aka zaɓa a 2005 ta zauna shekara 16 kafin a sake zaɓe. Ita kuwa Guurti mai kujeru 82, wadda ta ceci ƙasar a 1993, ba a taɓa zaɓenta ba, kujerun da yawa sun zama gado daga uba zuwa ɗa, kuma babban aikin da aka fi saninta da shi yanzu shi ne tsawaita wa'adin shugaban ƙasa da nata. A zaɓen 2021 ko mace ɗaya ba ta samu kujera a majalisar wakilai ba, a ƙasar da mata suke riƙe da kasuwa da gida, ƙasar da take alfahari da fitacciyar ungozoma Edna Adan da asibitin haihuwar da ta gina a Hargeisa. Kama 'yan jarida da mawaƙa saboda sun yi maganar haɗin kan Somaliya ko sun kai ziyara Mogadishu ba sabon abu ba ne. Dokar da ta taƙaita jam'iyyu zuwa uku an yi ta ne domin hana kowace ƙabila kafa tata, amma a aikace kowa ya san wace zuriya ce ke bayan wace jam'iyya.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a garin Las Anod da ke gabas. Gabashin yankin, wato Sool da wani ɓangare na Sanaag da Buhodle, mazaunin ƙabilun Dhulbahante da Warsangeli ne, waɗanda dangantakarsu ta jini ta fi kusa da mutanen Puntland, jihar Somaliya da ke maƙwabtaka da su, kuma da yawansu ba su taɓa sakin jiki da rabuwa da Somaliya ba. Somaliland ta karɓe Las Anod daga hannun Puntland a 2007, bayan haka aka yi shekaru ana kashe fitattun mutanen garin ɗaya bayan ɗaya ba tare da an gano masu kisan ba. A ƙarshen Disamban 2022 aka harbe wani matashin ɗan siyasa, jama'a suka fito zanga-zanga, jami'an tsaro suka buɗe wuta. A watan Fabrairun 2023 sarakunan gargajiyar Dhulbahante suka ayyana cewa yankinsu ba ya cikin Somaliland, yana ƙarƙashin gwamnatin tarayya ta Mogadishu. Amsar gwamnatin Bihi ita ce luguden manyan bindigogi a kan garin na tsawon watanni, har asibiti bai tsira ba, mutane fiye da dubu ɗari suka bar gidajensu, kafin a fatattaki sojojinta daga sansanin Goojacade a watan Agusta. Gwamnatin da ta ɗora jirgin MiG a kan dakali domin kada a manta da abin da aka yi wa Hargeisa, ita ce ta juya bakin igwa ga wani gari saboda mutanensa sun ce ba sa son zama a ƙarƙashinta. Wannan ya raunana hujjar Somaliland fiye da duk wani jawabin da aka taɓa yi a Mogadishu, kuma ya nuna cewa ƙuri'ar 2001, wadda ba ta samu karɓuwa sosai a gabas ba, ba ta isa ta zama kalmar ƙarshe ba.

Duk da haka, hujjar shari'a da Hargeisa take riƙe da ita tana da ƙarfi fiye da yadda ake so a yarda. Ƙa'idar da shugabannin Afirka suka amince da ita a Alƙahira a 1964, wadda aka maimaita a dokar kafa Tarayyar Afirka, ita ce a mutunta iyakokin da kowace ƙasa ta gada a ranar samun 'yancinta. Somaliland tana cewa ita ma abin da take nema ke nan, domin a ranar da ta samu 'yanci iyakokinta su ne waɗanda take da'awa a yau. Haɗakar ƙasashe biyu ta sha warwarewa a nahiyar nan da maƙwabtanta ba tare da sama ta faɗo ba: Senegal ta fice daga Tarayyar Mali a 1960, Siriya ta rabu da Masar a 1961, haɗakar Senegal da Gambiya ta watse a 1989. Ita kanta Tarayyar Afirka ta tura tawagar bincike a 2005 ƙarƙashin mataimakin shugaban hukumarta, Patrick Mazimhaka ɗan Ruwanda, kuma rahoton tawagar ya nuna cewa lamarin Somaliland na daban ne a tarihin siyasar nahiyar, bai kamata a haɗa shi da fargabar buɗe ƙofar ɓallewa ga kowa ba. A ƙarshen wannan shekara Somaliland ta nemi zama mamba. Aka ajiye rahoton da takardar neman a cikin durowa, shekara ashirin ke nan.

Dalilin ajiyewar ba ɓoyayye ba ne, kuma mu 'yan Nijeriya mun fi kowa saninsa. Ƙasar da ta yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ta ga Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya sun amince da Biyafara, ba za ta ji daɗin duk wata magana mai kama da halatta ɓallewa ba, musamman ma da masu fafutukar Biyafara suke nan har yau. Kamaru ma tana da nata ciwon, kuma nata ya fi kama da na Somaliya, tunda yankin masu magana da Ingilishi shi ma tsohon yankin Ingila ne da ya shiga haɗaka a 1961. Wannan fargaba gaskiya ce, ba na raina ta. Amma yankin Gabashin Nijeriya bai taɓa zama ƙasa mai 'yanci da Turawa suka miƙa wa mulki da iyakokinta daban ba, Kudancin Kamaru kuma ya samu 'yancinsa ne ta hanyar shiga haɗakar, bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba ko na kwana guda, kuma babu ɗayansu da ya shafe shekara talatin yana mulkin kansa da zaɓe da kuɗi da soja yayin da uwar ƙasar take neman tsayawa da ƙafarta. Idan aka rubuta sharuɗɗan a fili, wato tsohuwar ƙasa ce mai iyakokin da aka sani, ta shiga haɗaka da kanta, ta daɗe tana mulkin kanta, kuma jama'arta sun nuna ra'ayinsu ta ƙuri'ar da aka sa wa ido, da wuya a samu wani yanki na biyu a Afirka da zai cika su.

Abin da ake yi a aikace shi ne a ce sai uwar ƙasa ta yarda. Haka Iritiriya ta samu a 1993 bayan da sabuwar gwamnatin Addis Ababa ta amince, haka Sudan ta Kudu ta samu a 2011 bisa yarjejeniyar 2005. Darasin da ke cikin waɗannan misalai biyu mai ban tsoro ne, domin dukansu sun samu yardar ne bayan yaƙin shekaru masu yawa da ya gajiyar da ɗaya ɓangaren. Somaliland ta zauna da Mogadishu a Ingila a 2012, a Turkiyya a 2013, a Jibuti fiye da sau ɗaya, ba a taɓa kai wa ga ainihin maganar ba, ko yarjejeniyar da aka cimma kan kula da sararin samaniya ba a aiwatar ba. Ban kuma ɗora wa shugabannin Mogadishu laifin duka ba. Babu shugaban da ke fama da al-Shabaab, yana dogaro da sojojin Tarayyar Afirka tun 2007, yana ja-in-ja da jihohin Puntland da Jubaland, da zai iya sa hannu a takardar raba ƙasa ya kwana a kan kujerarsa. Akwai kuma miliyoyin Somaliyawa, har da wasu 'yan arewa, da suka yi imani da zuciya ɗaya cewa al'umma mai harshe ɗaya da addini ɗaya bai kamata a ƙara tsaga ta ba. Saboda haka ne ma barin maganar a hannun ɓangarorin biyu kaɗai yake daidai da cewa kada a taɓa warware ta.

Talaka ne yake biyan kuɗin wannan jira. Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a ƙetare yakan tarar cewa fasfon ƙasarsa ba ya aiki a mafi yawan filayen jiragen sama, dole ya nemi na Somaliya, ƙasar da bai taɓa gani ba. Bankunan duniya ba sa hulɗa kai tsaye da babban bankin Hargeisa, kamfanonin inshora suna lissafa yankin a matsayin fagen yaƙi, mai son zuba jari kuma ba ya da tabbacin kotun da za ta saurare shi idan aka samu saɓani. A kasuwar Hargeisa 'yan canji suna zaune a bakin titi da tulin damman shilin a gabansu, saboda darajar kuɗin ta yi ƙasa har ciniki ya koma kan dala da wayar hannu ta hanyar tsarin aika kuɗi na Zaad. Lokacin da Saudiyya ta hana shigo da dabbobin yankin daga 2000 zuwa 2009 saboda cutar zazzaɓin dabbobi, babu wata kujera a wata hukumar duniya da gwamnatin za ta zauna ta kare makiyayanta. Matasa da yawa da suka gama jami'a ba aiki sukan bi hanyar Libiya, hanyar da mu ma muka san yadda take cin 'ya'yan mutane.

Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar 'yan'uwansa shekara da shekaru ba a buɗe ba, zai sayar da abin da yake da shi ga duk wanda ya taya, kuma abin da Somaliland take da shi shi ne gaɓar teku mai tsawon kilomita ɗari takwas da wani abu a bakin hanyar da jiragen ruwa suke bi zuwa Bahar Maliya. A 2016 kamfanin DP World na Dubai ya karɓi tashar Berbera bisa alƙawarin zuba dala miliyan 442. A 2020 aka buɗe ofisoshin wakilci tsakaninta da Taiwan, abin da ya jawo mata fushin Sin mai kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu. A ranar 1 ga Janairu 2024 Bihi ya sa hannu da firaministan Habasha Abiy Ahmed kan takardar fahimtar juna da aka ce za ta ba Habasha hayar kilomita 20 na gaɓar teku na shekara 50, a madadin amincewa da Somaliland. Somaliya ta tayar da jijiyar wuya, Masar ta matso kusa da Mogadishu da makamai, Turkiyya ta sasanta Abiy da shugaban Somaliya Hassan Sheikh Mohamud a Ankara a watan Disamba, amincewar Habasha kuma ba ta zo ba. Sai ga Isra'ila, wadda ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane cewa abin da ya ja hankalinta shi ne kusancin gaɓar da Yaman, inda 'yan Houthi suke harbo mata makamai.

A ganina wannan ciniki ne na asara ga Hargeisa. Ƙarfin hujjarta a da shi ne cewa ta cancanta: ta yi sulhu da kanta, ta yi zaɓe, ta tsare gaɓarta daga 'yan fashin teku. Yanzu ta bai wa masu adawa da ita damar cewa amincewar lada ce ta wata hidima, ta ba al-Shabaab abin wa'azi, ta sa kanta a layin wutar rikicin da ba nata ba, ta kuma ƙara nisanta kanta da ƙasashen Larabawa da ke sayen dabbobinta. Gwamnatin ta musanta cewa akwai shirin kwaso Falasɗinawan Gaza a zuba a ƙasarta, amma kasancewar sai da ta fito ta musanta ya isa ya nuna irin ƙurar da ta tayar. Kuma amincewar ƙasa ɗaya ba ta buɗe ƙofar Majalisar Ɗinkin Duniya, inda sai Kwamitin Sulhu ya ba da shawara, ba ta kuma buɗe ta Bankin Duniya.

Abin da nake ganin ya dace shi ne Tarayyar Afirka ta fito da rahoton 2005 ta sa shi a ajandar Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro, ta naɗa mai shiga tsakani mai nauyi, tsohon shugaban ƙasa daga yankin da ba shi da wata riba a Bahar Maliya. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin shugaban hukumar Tarayyar na yanzu, Mahmoud Ali Youssouf, tsohon ministan harkokin wajen Jibuti ne, ƙasar da mafi yawan kayan Habasha suke bi ta tasharta, kuma bunƙasar Berbera ba ta yi mata daɗi. Nijeriya tana zaune a wannan kwamiti tun kafa shi a 2004, kwamishinan harkokin siyasa da tsaro na Tarayyar, Bankole Adeoye, ɗan Nijeriya ne, kuma babu wanda zai zarge ta da son ɓallewa, saboda haka ita ce ta fi dacewa ta kawo maganar. Tattaunawar ta kasance mai wa'adi, a fara da abubuwan da za a iya warwarewa yanzu, kamar sararin samaniya da takardun tafiya da kason Somaliland a tallafi da rancen da ake bayarwa da sunan Somaliya da sakin fursunonin yaƙin Las Anod, sannan a ƙare da ƙuri'ar raba gardama ƙarƙashin sa idon Tarayyar, wadda za a ƙirga gunduma-gunduma, a kuma amince tun kafin a jefa ta cewa sakamakon kowace gunduma zai yi aiki a kanta.

Kowane ɓangare zai ƙi wannan da farko. Mogadishu za ta ƙi saboda ta san abin da Hargeisa da Berbera da Burao za su zaɓa, Hargeisa kuma za ta ƙi saboda ta san abin da Las Anod za ta zaɓa, kuma rasa gabas zai taɓa hujjarta ta iyakokin 1960. Borama da sauran yankin Awdal su ne ba wanda zai iya rantsuwa a kansu, tunda a can aka haifi tsarin gwamnatin ƙasar amma a can ma ana ƙorafin cewa an mayar da su saniyar ware wajen rabon muƙamai da ayyuka. Wuri mafi wuya shi ne Erigavo, babban birnin Sanaag, inda Isaaq da Dhulbahante da Warsangeli suke zaune a gari ɗaya suna kiwo a fili ɗaya, inda kuma aka gwabza faɗa a ƙarshen 2024. Duk inda aka ja layi a can zai ratsa ta kan rijiyar wani, saboda haka kafin a kai akwatin ƙuri'a garin sai an fara zaunar da dattawan waɗannan zuriyoyi su amince a kan ruwa da makiyaya da diyyar waɗanda aka kashe, kuma mai shiga tsakanin ya shirya cewa wannan zama kaɗai zai iya cin watanni.